Shirin koyon aiki na ITF: me yake tsinana wa kamfanonin Kaduna?

Duk mai masana'anta a Kakuri ko Kudenda ya san wannan ciwon kai. Ka buga sanarwar neman makanikin inji ko mai aikin lantarki da ya shekara 5 yana yi, takardu su taru jibgi, amma da ƙyar ka samu mutum biyu da za su buɗe akwatin wuta su gane inda matsala take. Gogaggun da masaƙu irin KTL (Kaduna Textiles Limited) suka horar sun manyanta, matasa masu hannu kuma Legas da Abuja na janye su.

A nan Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, yake shigowa. An kafa shi a 1971, hedkwatarsa na Jos, yana kuma da ofishi a Kaduna. Kamfanin da doka ta hau kansa yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, kuma zai iya karɓo har rabin kuɗin idan ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida. Kamfanoni da yawa biya kawai suke yi don takardar shaidar neman kwangila, su bar wannan rabin. Asara ce. Sharaɗin shi ne a kai tsarin horon a amince da shi kafin a fara, a adana rasit da takardar halarta da sunayen waɗanda aka horar. Wanda ya gama horo sannan ya je neman kuɗi, yawanci hannu rabbana yake dawowa. Aikin takardun yana da cin rai, gara a ɗora shi kan mutum ɗaya tun farkon shekara.

Ɓangaren ɗalibai, wato SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni, amfaninsa ya danganta da tsawon zama. Wata 4 na ɗan difloma bai isa a mayar da shi ma'aikaci ba, amma ya isa a gane mai zuwa kan lokaci da mai tambaya idan bai gane ba. Ɗan jami'a kan yi wata 6. Mafi riba shi ne shekara guda da mai ƙaramar difloma (ND) yake yi kafin ya koma babbar difloma (HND), kuma Kaduna Polytechnic na nan kusa. Wannan shekarar tsakanin kamfani da ɗalibi ce, don haka alawus daga aljihunka zai fito.

Inda abin yake lalacewa, galibi laifin kamfani ne. A mayar da yaro ɗan aike, mai sayo abinci da kwafin takardu, ranar Juma'a a sa hannu a littafinsa na koyon aiki ba tare da an karanta ba. Abin da ke aiki shi ne ɗalibi biyu, iyaka uku, ƙarƙashin ƙwararre ɗaya. Watan farko ka'idojin kariya da sanin kayan aiki, sannan inji ɗaya tak har ya iya kwance shi ya mayar. Shi ma mai koyarwar a ƙara masa wani abu, in ba haka ba zai ɓoye sirrin aiki don gudun a maye gurbinsa. Tsoffin ma'aikatan masaƙa sun dace da wannan, ko da kwana uku a mako ne.

Wanda ya yi fice a ba shi takardar ɗaukar aiki kafin ya tafi, da ƙarin albashi a rubuce bayan wata 6. Riƙe asalin takardun makarantarsa ba ya hana shi tafiya, sai dai ya ɓata sunan kamfani a wurin 'yan ajinsu.