Man sanyi da akwatin sukudireba: yadda gyaran zafin PS4 ya kasance mini a gida

Duk mai gidan gem a Gombe ya san wannan ƙarar. Yara na tsakiyar buga FIFA, sai fankar PS4 (na'urar wasan PlayStation 4 ta kamfanin Sony) ta fara kuka, tana ƙaruwa har ta danne muryar mai sharhin ƙwallon. In abin ya yi tsanani, rubutu ya fito a talabijin cewa na'urar ta yi zafi da yawa, a kashe ta a jira ta huce, fitilar jikinta ta koma ja, ta ɗauke. Daga nan sai gardama ta ɓarke kan wanda ke kan gaba, da kuɗin wasan da ba a ƙarasa ba.

Ina da ɗan shagon gem a Tudun Wada, kuma na'urorina duka tokumbo ne, sun sha aiki a hannun wasu kafin su iso gare ni. PS4 ta fito a 2013, siririyarta a 2016, saboda haka yawancin waɗanda mutum zai saya yau sun kwana biyu a duniya. Bayan hunturu ya wuce, zafin bazara ya kankama, wasu daga cikinsu suka ɗauki wannan hali. Shi ne na sayi kayan aiki na buɗe su da kaina a gida. Abin da na saya bai wuce huɗu ba: akwatin ƙananan sukudireba marar suna daga wajen masu kayan gyaran waya a Babbar Kasuwa, sirinji ɗaya na man sanyi (man da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar na'ura don zafinta ya wuce zuwa ƙarfen sanyaya) na Arctic MX-4 mai giram 4 da aka saƙo mini a mota daga Kano, kwalbar sifirit, da buroshin fenti mai laushi.

Akwatin sukudireban ba zan ɗauki lokaci a kansa ba. Amfaninsa ɗaya ne babba: yana da bakin nan mai siffar tauraro da rami a tsakiya, lamba T8 da T9, wanda in babu shi ba ka isa ka kwance PS4 ba. Sukurorin bayanta da na akwatin wutarta suna da ɗan tsinke a tsakiya, sukudireba na gida ba ya shiga. Wannan bakin ya yi aikinsa. Amma ƙarfen mai laushi ne ƙwarai. Kafin in gama na'ura ta biyu bakin T8 ɗin ya fara lanƙwasa, yana zamewa a kan sukuru, kuma sukurun da kansa ya goge ya zama masifa, sai an nemi mai injin huda. Bakin gicciye na ƙananan sukurorin ciki ya fi dama. 'Yan robobin ɓanɓare murfi da suka zo a akwatin su ma sun taimaka, don da wuƙa mutum zai yi, ya karce jikin na'urar. In har gyara ɗaya za ka yi ka ajiye, zai fisshe ka. Mai gidan gem kuwa ya nemi T8 ɗaya mai ƙarfe na kirki, ko da kuɗinsa ya kai na akwatin gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda dattin yake. Siririyar PS4 murfinta na sama yana fita da hannu, ba sai da sukudireba ba, kuma kana cire shi za ka ga fanka. Mutane da yawa a nan suke tsayawa: su goge fikafikan fankar, su hura, su mayar da murfi, su ce sun yi gyara. Ƙarar tana ɗan raguwa na kwanaki, sannan ta dawo. Dalili kuwa, iska tana shiga ne ta ramukan gefe, fanka ta tura ta cikin siraran faranti na ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta bi ta akwatin wuta, ta fita ta baya. Ƙurar tana taruwa a bakin wannan ƙarfen, ta fuskar da ke kallon fanka, wurin da ido ba ya gani sai an ciro fanel, wato babban allon lantarkin na'urar, gaba ɗaya. Da na kai wurin, na tarar ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo, ja-ja irin ƙasar Gombe, haɗe da gashi da zaren tufafi. Da yatsa biyu na ɗago ta, ta taso a haɗe ba ta wargaje ba. Na ɗaga ƙarfen ina duban hasken taga ta cikinsa kafin in share, ko ɗigon haske bai ratsa ba. To fanka ta yi ta gudu, ina iskar za ta bi?

Ƙanena ne ke riƙe mini fitilar waya, yana kuma ɗaukar hoton kowane mataki don mu san inda kowane sukuru ya fito. Wannan dabarar tasa ce, kuma ta yi rana, domin sukurorin ba tsayinsu ɗaya ba, in ka ɗaura dogo a gurbin gajere yana iya taɓa fanel. Muna ɗaga akwatin wuta sai ya ja da baya.

"Yaya, wannan ai kyankyasai ne."

Su ne kuwa, busassu, da ƙwayayensu manne a lungu. Wurin akwai ɗumi da duhu, shi ya sa suke son sa, kuma kyankyaso ɗaya in ya haɗa wuta a ciki ya isa ya ƙona akwatin. Na karkaɗe shi na hura ta ramukansa, amma ban buɗe shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya buɗe. Akwai abubuwa a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya daga soket, suna iya jan mutum da gaske.

Yanzu ga man, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. A tsakiyar fanel akwai ƙwaƙwalwar na'urar, ƙirar kamfanin AMD, wadda ke ɗauke da aikin lissafi da na hoto a wuri guda. Nan ne tushen zafin. Samanta da ƙasan ƙarfen sanyaya suna kama da sumul a ido, amma ba su haɗuwa daram, akwai ƙananan gurabe da iska ke maƙalewa, kuma iska ba ta wuce da zafi. Man sanyi shi ke cike waɗannan gurabe. Shekara da shekaru yana zafi yana hucewa, sai ya bushe. Wanda na tarar a nawa ya zama gari, yana farfashewa, tsakiyar ƙwaƙwalwar ma kusan babu komai a kai, duk ya tsere gefe. Na jiƙa auduga da sifirit na yi ta gogewa a hankali har saman ya fito yana ƙyalli, ina ganin inuwar fitilar a jikinsa.

A nan ina jan hankali kan sifirit. Wanda ake so shi ne mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, domin yana bushewa nan take. Wanda aka sirka da ruwa sosai yana barin danshi. In shi ka samu, ka ba fanel ɗin lokaci ya bushe sarai kafin ka haɗa.

MX-4 ya burge ni tun daga fitowarsa a sirinji. Launin toka ne, ba shi da ruwa-ruwa, ba shi da tauri, ɗigo ɗaya kamar girman ƙwayar wake a tsakiya ya wadatar, matsewar ƙarfen ce ke baza shi. Abin da ya sa na zaɓe shi tun farko, ba ya ɗaukar wutar lantarki, saboda haka ko ya ɗan zuba a kan ƙananan abubuwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar ba zai haɗa wuta ba. Ga wanda hannunsa bai saba ba, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne. Giram 4 ɗin kuwa ya yi mini duka na'urorin da na buɗe, har da saura mai yawa. Yana da tsada in aka kwatanta da farin man nan na cikin 'yar roba da ake sayarwa a kasuwa, amma na ga abin da farin yake yi a kwamfutocin mutane: wata kaɗan ya bushe, a sake kwancewa. Kwance PS4 har zuwa fanel ba aikin da mutum zai so maimaitawa ba ne, don kowace buɗewa akwai haɗarin tsinka siraran wayoyin nan masu faɗi na wurin faifai, ko ɓalle 'yan kawunan eriyar intanet. Aibinsa ɗaya da na gani, yana yin zare in ka ɗaga sirinjin, yana iya ɓata wuri, sai ka murza bakin kafin ka janye. A kuma yi hattara da jabu, domin duk abin da ya yi suna ana kwaikwayonsa. Ka saya a wurin wanda za ka iya komawa ka same shi.

Wurin mayarwa akwai abu biyu da ba a wasa da su. Ƙarfen da ke danne ƙwaƙwalwar ta bayan fanel sukuru biyu ne ke riƙe da shi, kuma ana ɗaure su ne bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don matsin ya daidaita. Sannan 'yan faci masu laushi da ke kan ƙwayoyin ma'ajiyar wucin gadi, waɗanda ke kewaye da ƙwaƙwalwar, dole kowanne ya koma mazauninsa. Su ma zafi suke kwashewa. Suna manne wa murfin ƙarfe su faɗi ba ka sani ba.

Da na haɗa ta farko na kunna, sai da na kai kunne kusa don in tabbatar fankar na juyawa. Na sa wasan God of War, wanda a da minti kaɗan yake sa ta kururuwa. Fankar ta tashi, gaskiya, ba ta yi shiru ɗungurungum ba, kuma duk wanda ya ce maka PS4 za ta yi tsit a watan Afrilu a Gombe, lokacin da zafi ke kai maki 40, bai faɗa maka daidai ba. Amma ta tsaya a murya ɗaya, ba ta hauhawa, kuma iskar da ke fita ta baya ta zama mai zafi da ƙarfi. Wannan alama ce mai kyau: zafin yana fita waje ke nan. Tun daga ranar jan fitila bai sake fitowa ba, ga shi ana buga su daga bayan La'asar har dare.

Ba zan ba man duka yabon ba. A ganina rabin nasarar ko fiye ta share ƙurar nan ce, man ya cike saura. Na kuma canza mazaunin na'urorin. A da suna cikin akwatin katako da aka kulle saboda ɓarayi, bayansu manne da bango, suna shaƙar iskar da suka fitar. Sony da kansa yana cewa a bar aƙalla santimita 10 tsakanin na'urar da bango. Yanzu kejin ƙarfe na sa aka ƙera mini mai raga ta ko'ina, a ɗage daga ƙasa sosai, kuma in an tashi ina rufe su da ƙyalle bayan sun huce. In zan hura ƙura da bulowa, ina danne fankar da tsinke don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Akwai abin da nake roƙon masu karatu su guje wa, don har yanzu ana yaɗa shi. Tun zamanin Xbox 360 ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2005, da matsalarta ta jajayen fitilu uku, mutane suka ƙirƙiro naɗe na'ura da tawul a kunna ta har ta gasu, wai dalmar da ta saki ta sake kamawa. Matsalar ta yi girman da a Yulin 2007 Microsoft ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. Masu PS3 su ma da fitilarsu mai ruwan ɗorawa suka koma hura wa fanel wuta da na'urar busar da gashi. Wani lokaci na'urar tana tashi, ta yi mako ko wata, ta sake mutuwa, wannan karon da fanel a lanƙwashe. Akwai masu yin haka su sayar wa mutum ita tana aiki. Wannan cuta ce tsagwaronta, kuma yara masu tara kuɗi da guminsu su suka fi faɗawa. Haka nan mai PS5 kada ya ɗauki wannan sharhi ya ce zai yi irinsa. Ita ta fito a 2020 da narkakken ƙarfe a madadin man, kuma shi yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya ya zuba a fanel an yi asara. Abin da mai ita zai yi a gida shi ne ya zare murafen gefe ya zuƙe ƙura ta ramukan da aka tanada don haka.

Na'ura ɗaya cikin nawa ba ta ji magani ba. Na share ta, na sa mata sabon mai, amma tana ɗaukewa ko da sanyin safiya, ba jan fitila, ba rubutun gargaɗi. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta a Jekadafari. Ya gwada ta da mitarsa ya ɗago kai.

"Ɗana, wannan ba zafi ba ne, akwatin wutarta ne ya gaji. A janareta kake kunna ta?"

Na ce, "Eh, Baba, yawanci."

"To ka nemi sitabilaiza mai kyau kafin in sa maka wani, in ba haka ba za ka dawo."

Ya duba aikin da na yi a ciki, ya ce man ya zauna daidai, ba sai ya taɓa ba. Ya canza akwatin wutar, na biya shi, na biya ta kasuwa na sayi sitabilaizar kafin in koma shago.