Irin filasko da na saya, ya fito amma na ji jiki

Ni da kuɗina na sayi irin filasko, tsiron nan da ake shan ganyensa don wanke ciki, abin da a ƙauyenmu can wajen Daura yake zube a fako ba mai kallonsa. Zaman Kaduna ne ya ja min, ga mai sayarwar ta cika Facebook da cewa sati ɗaya zai tsiro. Sati uku ina ban ruwa safe da yamma ko alamar tsiro babu, na yi mata magana ta ce "hajiya ki ƙara haƙuri". Sai da Inna ta zo ta leƙa bokitin ta kwashe da dariya, ta ce ke ɗan fako ne kika jiƙe kamar shinkafa, ga shi ɓawonsa tauri gare shi. Ta sa na zuba sauran a ruwan zafi ya kwana, muka shuka a rairayi jikin katanga inda rana ke duka, kwana 6 ya leƙo.

Gaskiya irin ba shi da laifi. Ya yi fure ruwan ɗorawa gwanin kyau, da rani ya bushe ƙayau har na cire rai, ruwan farko na sauka ya sake tohowa daga saiwa ban ƙara shuka komai ba. Har na yi niyyar yaba wa mai sayarwar.

To amma takardar da ta saka a ledar fa? Wai a dafa ganyen cikin hannu guda da tsamiya a shanye, ba gargaɗi ba komai. Na shanya nawa a inuwa, na dafa na sha bayan isha'i ranar Juma'a, washegari ake kai amaryar ƙanwar maigida. Wajen ƙarfe 3 na dare cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki, ni da buta har aka kira assalatu, na daina ƙirga zuwa ma. Ashobina na rataye na goge shi tsaf, ban sa ba, ina kwance ina shan ruwan gishiri da suga dangin miji na ta kira, har yau wata ta ɗauka da gangan na ƙi zuwa. Inna ta ce su ɗan tsunkule suke sakawa, kuma ba sa ba mai ciki. Ace mai juna biyu ce ta bi takardar nan fa?

Na tura mata duk wannan, ta maido min da murya tana dariya wai "ai aiki yake yi kenan". Ban amsa ba. Shukar tana nan jikin katanga ta yi ’ya’ya, maƙwabciyata ta roƙi iri na ba ta kyauta, takardar kuma na hura gawayi da ita.