Raba Intanet Daga Kwamfutar Windows Zuwa Na'urar Gem: Inda Yake Biyan Buƙata Da Inda Ya Gaza

Windows 10 da Windows 11 suna ɗauke da hanyoyi biyu na miƙa wa wata na'ura intanet ɗin da kwamfuta ke samu, kuma babu wadda ake biyan ko sisi a kanta ko take buƙatar a sauke wata manhaja. Ta farko ita ce Mobile hotspot, wadda kamfanin Microsoft ya ƙara a Windows 10 a shekarar 2016, aikinta kuwa shi ne ta mayar da kwamfuta ƙaramar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga wasu na'urori, mai ɗaukar har 8 a lokaci guda. Ta biyu ta girme ta nesa ba kusa ba, domin Internet Connection Sharing yana nan tun fitowar Windows 98 Second Edition a 1999, kuma da shi ake tura intanet ta cikin kebul. Na yi aiki da su duka biyun tsakanin kwamfutar tafi-da-gidanka da PlayStation 4, kuma hukuncina shi ne suna fitar da mutum kunya a wurin da na'urar gem ba za ta iya hawa intanet da kanta ba, amma ba su kai su maye gurbin rauta ba.

Masu buƙatar wannan tsari sun fi yawan da ake zato. Akwai ɗalibin da Wi-Fi ɗin jami'arsa yake neman sunan shiga da kalmar sirri ta kowane mutum daban, irin tsaron da PlayStation da Xbox da Nintendo Switch duk ba su san shi ba. Akwai baƙon otal da sai ya cike wani shafi kafin a buɗe masa hanya, abin da ke yi wa na'urorin gem wuya. Akwai kuma wanda duk intanet ɗinsa yana cikin ƙaramin modem da ake soka wa kwamfuta a kafar USB, wanda na'urar gem ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Dabarar ta yi tashe ne a zamanin Xbox 360, domin samfurinsa na farko bai zo da Wi-Fi a ciki ba sai a 2010, abin da ake maƙala masa daga waje kuma ana sayar da shi kusan dala 100.

Wajen sauƙi, Mobile hotspot ya cancanci yabo. Mutum zai shiga saitin kwamfuta, ya buɗe sashen Network & Internet, ya sa wa layin suna da kalmar sirri, ya kunna, sai sunan ya bayyana a jerin Wi-Fi na na'urar gem kamar kowane layi. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani tun da wuri. Windows yana da saitin tattalin batir da ke kashe layin idan aka ɗan jima babu na'urar da ta hau, saboda haka wanda ya kashe gem ya je salla zai iya dawowa ya tarar sai ya sake kunnawa, muddin bai rufe wannan saiti ba. Na biyu, Wi-Fi yana aiki a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma idan kwamfutar tana kan zangon 5 GHz, sau da yawa a kan wannan zangon za ta raba, alhali PlayStation 4 na farko da ya fito a 2013 zangon 2.4 GHz kaɗai yake gani, samfuran Slim da Pro na 2016 ne suka zo da duka biyun. Mai tsohon samfuri zai yi ta neman layin bai gani ba, har ya ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Babban raunin wannan hanya yana cikin yadda take aiki ne. Katin Wi-Fi guda ɗaya ne yake karɓo saƙo daga rauta, shi ne kuma yake miƙa shi ga na'urar gem, don haka gudun yana raguwa, jinkiri kuma yana ƙaruwa. A wajen sauke wasa wannan bai wuce ƙarin jira ba, amma a wasan ƙwallo irin EA Sports FC, inda kake danna maɓalli ɗan wasa ya yi ɗan jim kafin ya saki ƙwallo, abin yana cin rai ƙwarai.

Saboda haka na fi ganin darajar hanyar kebul, duk da cewa an binne ta a lungun da ba kowa ke leƙawa ba. Ana haɗa kwamfuta da na'urar gem da kebul ɗin intanet na yau da kullum, a rubuta ncpa.cpl a akwatin Run, inda ake ba Windows umarni, a buɗe bayanan katin Wi-Fi, a shiga shafin Sharing, sannan a ba da izinin raba layin zuwa kafar kebul. Kwamfutar za ta ɗauki adireshin 192.168.137.1, ta ba na'urar gem wani adireshi a wannan jerin, kuma idan aka gwada layin a PlayStation aka ga adireshin ya fara da 192.168.137, to aiki ya yi. A nan Wi-Fi karɓowa kawai yake yi, kebul ne ke ɗaukar sauran, kuma bambancin yana fitowa fili a tsayuwar layin. Kwamfutocin zamani marasa kafar kebul suna buƙatar ƙaramin mahaɗi na USB. Microsoft da kansa ya taɓa sanar da cewa a wasu fitowar Windows 10 wannan saiti yakan daina aiki bayan an sake kunna kwamfuta, kuma abin da aka saba yi shi ne a cire izinin a sake sa shi.

Inda hanyoyin biyu suka yi tarayya wajen gazawa shi ne batun NAT, wato yadda ake ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshin intanet guda. Rauta tana yin wannan aiki, idan kwamfuta ta shiga tsakani ita ma sai ta sake yin nata, na'urar gem ta koma bayan ƙofa biyu. PlayStation yana nuna matsayin da lamba 1 ko 2 ko 3, Xbox kuma da Open ko Moderate ko Strict, har ma yakan yi gargaɗi idan ya gano NAT biyu a jere. Wanda ya faɗa mataki na ƙarshe, wato 3 ko Strict, zai iya shiga shagon wasanni ya sauke abin da yake so lafiya lau, amma haɗuwa da wasu abokan wasa da hira da murya sukan gagara, musamman idan ɗaya ɓangaren ma a matse yake. Windows yana da zaɓin haɗa katin Wi-Fi da kafar kebul su zama gada guda, wanda ke barin na'urar gem ta karɓi adireshi kai tsaye daga rauta, sai dai ba kowane kati ne ke yarda ba, kuma wannan ba ya tsallake shingen jami'a ko na otal. Mai amfani da layin waya kuwa yana da ƙarin cikas, tun da kamfanonin sadarwa galibi suna tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da babu saitin kwamfuta da zai warware.

Mai sayen data da kuɗinsa ya lura cewa baki biyu ne ke sha daga ƙwarya ɗaya. Sabunta wasa irin Call of Duty yakan ci gigabait masu yawa, Windows ma yana iya fara sauke nasa a daidai lokacin, sai dai idan an sa wa layin alamar cewa a ƙididdige yake, kuma an hana na'urar gem sauke abubuwa da kanta. Dole ne kuma kwamfutar ta kasance a kunne, a jone da caji, an hana ta barci, domin da zarar ta yi barci layin ya yanke ko da ana tsakiyar wasa.

Ga ɗalibi a ɗakin kwana, da matafiyi, da mai modem na USB, ina ba da shawarar wannan tsari ba tare da shakka ba, kuma a zaɓi kebul duk inda ya yiwu. Ga mai gidan gem da ke son haɗa na'urori da yawa, ko wanda gasar intanet ce abin da ya fi damunsa, kuɗin da zai sa a rauta mai ɗaukar layin waya kuma mai kafofin kebul ya fi masa amfani a kan barin kwamfuta a kunne dare da rana.