Majalisar Turawa a kan tsaunin Tan Hill

Yaya, ina gaisuwa, da fatan an yi kaka lafiya.

Ka tambaye ni inda mutanen nan suke zaman hira, tunda babu mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Sanyi ba zai bari ba. Majalisarsu a cikin ɗaki take, wurin da suke kira pub. Na san za ka ce ai gidan giya ne. Gaskiya ana sayar da ita, ni ma shi ya sa na daɗe ina ƙin leƙawa. Amma na ƙauye dabam yake da abin da muke zato.

Makon jiya abokan aiki suka kai ni Tan Hill Inn, a arewacin yankin Yorkshire na Ingila. Babu mashayar da ta kai ta tudu a duk Birtaniya, mita 528 sama da teku, ba gida gaba ba gida baya, sai tumaki da iska. Ginin dutse ne tun ƙarni na 17, masu haƙar kwal ne suka riƙa cika shi, har aka rufe mahaƙar ƙarshe a 1929. Su sun tafi, gidan bai mutu ba.

Da shigata na tarar da wuta na ci a murhu, wani dattijo na shanya safarsa, karensa kwance a ƙafarsa. Manoma, matafiya a ƙasa, mata da yara, kowa na hira da wanda bai sani ba.

A nan babu yaron shago da zai zo ya tambaye ka. Kai za ka je kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya tukuna. Ruwan famfo kyauta ne, doka ce. Shayi kuwa, kuɗin kofi ɗaya zai shayar da benci guda a wurin mai shayin unguwarmu, ga shi bai kai namu kauri ba. Kifi ma sai ka tambaya, don wasu wuraren da giya suke kwaɓa fulawarsa. Miya da burodi na ci.

A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mutum kusan 60 suka kwana uku a ciki, aka ci da su, aka ba su wurin kwana. Da na ji haka sai zauren Baba ya faɗo mini, inda baƙo ba ya kwana a waje. Don Allah kada ku rushe shi don gina shaguna, ku jira na dawo mu yi magana.

A gaida Inna.