Aikin masu gina lambatu a lungunan Gusau

Ƙananan 'yan kwangilar da ke gina magudanar ruwa a lungunan Tudun Wada da Sabon Gari sun iya haƙa da kafa katako, bangon yakan fito a miƙe. Wajen gangara ne suke da rauni. Lambatu na son a sauke kamar santimita 1 a kowace mita, amma da yawa da ido suke aunawa. Sai ruwan wanka ya kwanta a tsakiya, ya yi baƙi, sauro ya samu gida tun kafin damina.

A sa ido kan kwaɓi. Buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. In aka ƙara yashi don a rage kuɗi, gefen zai riƙa marmashewa ko da farce. Marfin lambatun da ke ƙofar gida kuwa, inda mota ke hawa, sai da rodi mai milimita 12, kuma a yi ta ba kankaren ruwa kwana 7.

Abin takaici, bututun famfo sukan bar shi a gicciye cikin lambatun. Yana tare leda, in ya tsage kuma ƙazanta ta shiga ruwan sha. A sa su nutsar da shi ƙarƙashin daɓen kafin a biya kuɗin ƙarshe.