Ƙamus ɗin Merriam-Webster na waya: yana da amsa, amma sai ka san abin da kake nema

Ina koyar da manya Turanci, kuma tambayar da ɗalibaina suka fi yi mini ita ce yadda za su ce "nakan yi aiki da rana" ba tare da Bature ya ɗauka yau kaɗai suke nufi ba. A kan wannan tambaya na auna manhajar Merriam-Webster, ƙamus ɗin Amurka da kamfaninsa ke birnin Springfield na jihar Massachusetts.

Abin da ya burge ni shi ne ta ware wa "afternoons" (daga "afternoon", wato da rana bayan tsakar rana) gurbinta daban, ta nuna cewa kalma ce mai bayyana lokacin da ake maimaita aiki. Ba'amurke zai ce "I work afternoons" ya yi shiru, babu "in", babu "the", kuma magana ta cika. Wannan "s" ɗin ta samo asali ne daga tsohon Turanci, irin wadda ta maƙale a ƙarshen "always" da "nowadays". Ga kuma maɓallin da za ka latsa ka ji lafazi, wanda ɗalibai ke so ƙwarai.

Sai dai ƙamus ne, ba malami ba ne. Ni ce nake zama in jera musu sauran hanyoyin. "In the afternoons" ita ce ta kowa, a Ingila ko Amurka. "In the afternoon" kuwa tana da fuska biyu, sai aikatau ya raba gardama: "I swim in the afternoon" al'ada ce, "I'll swim in the afternoon" rana ɗaya ce tak. Da zarar an ambaci sunan rana, "in" ta kauce wa "on": "on Friday afternoons". Ita ko "every afternoon" ba ta ɗaga ƙafa ko na yini ɗaya, don haka kada mai tsallake wasu ranaku ya taɓa ta. Akwai kuma "of an afternoon" ta bakin dattawan Ingila. Ina koyar da ita don a gane idan an ji, ba don a riƙa faɗa ba.

Bayanin manhajar duk da Turanci yake, kuma salon Amurka ne. Ɗalibin da ya yi nisa zai more ta sosai. Ɗan koyo kuwa, ina ba shi shawara ya bari sai ya iya karanta jimla shi kaɗai kafin ya sauke ta.