Kieskompas ko StemWijzer: wanne ya fi dacewa da sabon mai zaɓe a Holan?

Malam, ka tambaye ni wanne za ka yi amfani da shi tsakanin Kieskompas da StemWijzer, shafukan intanet biyu da ke nuna wa mai zaɓe jam'iyyun da suka fi kusa da ra'ayinsa; tunda wannan ne zaɓenka na farko a Holan, shawarata ita ce ka fara da Kieskompas.

André Krouwel, masanin kimiyyar siyasa a jami'ar Vrije Universiteit da ke Amsterdam, shi ne ya kafa shi a 2006. Za a gabatar maka da batutuwa 30, ka bayyana matsayinka a kan kowanne a mataki biyar, daga cikakkiyar amincewa zuwa cikakkiyar adawa, sannan a nuna maka wurinka a kan taswira mai fuska biyu: ɗaya ta tattalin arziki, daga hagu (masu son gwamnati ta ƙara tallafa wa jama'a) zuwa dama (masu son a sakar wa kasuwa mara), ɗayar kuma ta al'amuran zamantakewa, daga masu son sauyi zuwa masu ra'ayin riƙau. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu binciken ba sa dogara da abin da jam'iyya ta faɗa game da kanta kawai, sai sun duba kundin manufofinta da kalaman shugabanninta, su kwatanta da amsar da ta bayar, domin ɗan siyasa a ko'ina yana iya gyara bakinsa idan ya san inda ƙuri'u suke.

Kafin zaɓen Nuwamban 2023 na zauna da wani dattijo ɗan zango daga Kumasi, mazaunin unguwar Bijlmer da ke Amsterdam, ina karanta masa batutuwan ina fassara masa da Hausa. Da taswirar ta fito, sai ga shi can hagu a kan haraji, kuɗin haya da inshorar lafiya, amma a kan iyali da tarbiyya yana kusa da jam'iyyun Kirista. Ya daɗe yana kallonta yana murmushi, domin a karon farko ya fahimci dalilin da ya sa babu jam'iyyar da ke gamsar da shi gaba ɗaya. A ƙasar da majalisarta ke da kujeru 150, kuma jam'iyya ke iya shiga da kujera ɗaya tak, har jam'iyyu 15 suka samu wakilci a wannan zaɓen, sanin waɗanda ke maƙwabtaka da ra'ayinka ya fi a ba ka suna guda amfani.

StemWijzer na hukumar ProDemos ya girmi Kieskompas, tun 1989 yake, kuma ba laifi idan kana sauri, sai dai amincewa, adawa ko babu ɗaya kawai za ka zaɓa, ya jero maka jam'iyyu da kaso cikin ɗari, matsayin da aka auna ka da shi kuma jam'iyyun ne suka bayar da kansu.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da shafukan da ake turowa a WhatsApp da sunan taimaka wa mai zaɓe. Wasu na ƙungiyoyi ne masu wata manufa, an tsara tambayoyinsu yadda duk amsar da ka bayar za ta kai ka gida ɗaya, wasu kuma lambar wayarka da bayananka suke nema. Duk shafin da bai bayyana wanda ya gina shi da wanda ya biya kuɗinsa ba, ka rufe shi. Haka kuma kada ka tambayi manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, domin a Oktoban 2025 hukumar kare bayanan jama'a ta Holan ta yi gargaɗin cewa suna yawan tura mutane zuwa jam'iyyar PVV ko ta GroenLinks-PvdA, ko da amsoshinsu sun fi dacewa da wata jam'iyyar.

Ka yi Kieskompas a natse, ka ɗauki jam'iyyu biyu ko uku da suka fi kusa da kai, ka karanta matsayinsu a kan gidaje da shige da fice kafin ranar zaɓe.